Bayan An Naɗe Tabarmi: Yadda Rashi Ke Cin Mutum

A ƙasar Hausa ba a barin mutum shi kaɗai ranar da aka yi masa rasuwa. Kafin a gama wankan gawa labari ya zaga unguwa, samari sun tafi haƙa kabari, wani ya sayo likkafani ba tare da an aike shi ba, maƙwabta sun ɗora tukwane. Idan da safe aka rasu, sau da yawa kafin la'asar an kai mamaci makwancinsa. Daga nan a shimfiɗa tabarmi, maza a ƙofar gida, mata a ciki, kwana uku ana karɓar gaisuwa. Mai zuwa ya durƙusa ya ce, "Ya muka ji da haƙuri?" a amsa masa, "Haƙuri sai godiya." A yi addu'a, a shafa, ya matsa wani ya zauna. Wasu gidajen suna ƙarawa da sadakar bakwai da ta arba'in, wasu kuma suna ganin ba su da asali a sunna, sai su tsaya a ukun. Ko wane ɓangare mutum ya bi, akwai ranar da baƙi za su watse. Kuma yawancin waɗanda suka taɓa rasa na jikinsu za su gaya maka cewa a ranar ce mutuwar take fara shigarsu.

Wannan shi ne giɓin da ke tsakanin lissafin jama'a da lissafin zuciya. Gaisuwarmu ta fi yawa a kwanakin da mai rashi bai gama gane abin da ya same shi ba. A kwanakin farko mutum kan zama kamar ba shi ba, yana amsa gaisuwa, yana nuna wa baƙi wurin zama, har a riƙa yabonsa ana cewa wane ya yi ƙoƙari, ko ɗigon hawaye ba a gani ba. Sau da yawa ba ƙoƙari ba ne, ɗimuwa ce. Sai sati na uku ko na shida, ranar da matar ta auna shinkafa ta ga ta auna har da rabon maigidan, ko ta ji ƙarar babur bayan isha'i ta miƙe za ta buɗe ƙofa, sannan abin ya sauko mata gaba ɗaya. A lokacin kuwa kowa ya koma harkarsa, kuma ana ganin ai ta riga ta haƙura.

Baƙin ciki ba a zuciya kawai yake tsayawa ba, jiki ma yana karɓar rabonsa. Mutanenmu sun daɗe da sanin haka, shi ya sa idan tsohuwa ta rasu watanni kaɗan bayan mijinta ake cewa ta bi shi. Likitoci sun auna wannan magana sun tarar da gaskiya a cikinta. A 1969 wani likitan ƙwaƙwalwa a Ingila mai suna Colin Murray Parkes da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon bibiyar maza 4,486 masu shekara 55 zuwa sama waɗanda matansu suka rasu. A cikin wata 6 na farko 213 daga cikinsu suka mutu, adadin da ya haura na takwarorinsu masu aure da kusan kashi 40 cikin 100, kuma ciwon zuciya ne ya fi kashe su. Wani binciken da aka wallafa a Amurka a 2012 ya nuna cewa haɗarin bugun zuciya yana ninkuwa kusan sau 21 a ranar farko da mutum ya rasa wani makusancinsa, sannan ya riƙa sauka a hankali a makonnin da ke biye. A Japan kuma tun 1990 likitoci suka bayyana wani ciwo da suke kira takotsubo, inda tsananin firgici ke raunana tsokar zuciya farat ɗaya, alamunsa su yi kama da na bugun zuciya, kuma ya fi kama mata manya.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Tashin hankali yana sa jiki ya saki sinadaran da ke ɗaga hawan jini da saurin bugawar zuciya. Barci ya ƙaurace, abinci ya fita a rai. Mai hawan jini ko ciwon suga ya manta da maganinsa, wani lokacin ma wanda ya rasun ne yake tuna masa ko yake sayo masa. Saboda haka idan dattijo ya dafe ƙirji a wurin zaman makoki, ko numfashinsa ya riƙa sarƙewa, bai kamata a tsaya a yayyafa masa ruwa da ba shi haƙuri ba. Asibiti ya kamata a nufa da shi.

Addini ya riga ya lura da wannan rauni na jiki. Da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a yaƙin Mu'uta ya iso Madina a shekara ta 8 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya umarci a yi wa iyalansa abinci, domin abin da zai shagaltar da su ya same su. Nana A'isha kuma takan sa a dama talbina, wani kunu na sha'ir, a ba waɗanda aka yi wa rasuwa, tana cewa ta ji Annabi yana faɗin tana kwantar da zuciyar majiyyaci kuma tana rage baƙin ciki. Abin takaici, a birane da yawa yanzu mun juya lamarin. Gidan mutuwa ne ke hayar rumfa da kujeru, su ke dafa wa masu gaisuwa, wani lokacin da kuɗin da marayu za su ci. Wannan al'ada ba ta da abin kare kanta.

Abin da rashi ke yi wa tunani ya fi wahalar faɗa, domin mutane suna tsoron a ce sun taɓu. Mantuwa ta yi yawa, ɗan kasuwa ya riƙa kuskuren canji, malamin makaranta ya karanta layi ɗaya sau uku bai fahimta ba. Wani ya ji muryar mamacin, wani ya ji ƙamshin turarensa, wata ta hango mai irin tafiyarsa a kasuwa ta bi shi da sauri. A 1971 wani likita a yankin Wales, Dewi Rees, ya tattauna da mutum 293 da suka rasa abokan aurensu, ya tarar kusan rabinsu sun taɓa jin kamar mamacin yana tare da su, kuma yawancinsu ba su taɓa gaya wa kowa ba. A wurinmu mai irin wannan hali yakan yi shiru don kada a ce fatalwa ce ke binsa ko aljanu sun shige shi. Alhali ƙwaƙwalwar da ta shekara 30 tana sa ran shigowar mutum a wani lokaci na yini ba ta daina sa ran a kwana 40.

Sai kuma "da na sani". Da mun kai shi asibiti tun daren. Da ban bar ta ta hau motar nan ba. Da na ɗaga wayarsa. An karɓo daga Annabi cewa faɗin "da na yi kaza" yana buɗe ƙofar aikin Shaiɗan, kuma duk wanda ya taɓa kwana yana juya wannan magana ya san irin azabar da ke cikinta. Sai dai a ƙasarmu zargin kai yana da wani ɗaci na daban, domin sau da yawa akwai ƙamshin gaskiya a ciki: an rasa kuɗin jini, asibitin da nisa, an yi ta neman mota cikin dare mai naƙuda tana zubar da jini. Mijin da matarsa ta rasu a haka ba ya bukatar a ce masa babu abin da za a iya yi, ya san akwai. Abin da zai taimake shi a raba masa tsakanin abin da ke hannunsa da abin da talauci da lalacewar asibitoci suka jawo, kuma a tuna masa cewa ya yi iyakar abin da ya sani a daren. Idan ba a yi haka ba, fushin yakan nemi wanda zai faɗa wa. Daga nan ake fara jin an ce kishiya ce ta yi asiri, ko tsohuwar maƙwabciya ce mayya ta kama kurwar yaro. Gidaje da yawa sun watse a kan zargin da asalinsa baƙin ciki ne da ya rasa mafita.

Akwai wani bayani da ya yaɗu a intanet cewa mai rashi yana bin matakai biyar, daga ƙin yarda zuwa fushi, zuwa roƙon a sauya, zuwa ƙunci, zuwa sallamawa. Asalinsa aikin wata likita ce, Elisabeth Kübler-Ross, wadda ta wallafa shi a 1969, kuma majiyyatan da ke jiran ajalinsu ta yi nazari a kansu a Chicago, ba waɗanda aka mutu aka bari ba. Binciken da ya biyo baya bai tabbatar da cewa mutane suna hawa waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya ba. George Bonanno na Jami'ar Columbia ya bibiyi masu rashi na tsawon lokaci ya ga mafi yawansu suna jin zafin sosai amma suna ci gaba da gudanar da rayuwarsu, ba tare da sun bi wani jeri ba. Bayanin da na ga ya fi kusa da abin da muke gani a gidajenmu shi ne na Margaret Stroebe da Henk Schut na ƙasar Holan, wanda suka gabatar a 1999. Suka ce mai rashi kai-komo yake yi tsakanin abu biyu: wani lokaci ya fuskanci rashin ya yi kuka ya tuna, wani lokaci ya juya ga hidimar rayuwa, kuɗin makaranta, cefane, har da dariya. Kai-komon shi ne lafiyar. Wanda ya maƙale a gefe ɗaya shi ne abin dubawa.

Da mun fahimci wannan da mun rage wa zawarawa tsegumi. Matar da aka ga tana dariya a gidan suna wata biyar bayan rasuwar mijinta sai a ce har ta manta. Wadda aka tarar tana kuka bayan shekara sai a ce ba ta da tawakkali. Mace ɗaya ce za ta iya yin duka biyun a yini ɗaya, kuma babu aibu a ko wanne.

Batun tawakkalin nan shi ne inda muka fi cutar da juna da kyakkyawar niyya. Da zarar hawaye ya zubo sai a ce, "Haba, yi shiru mana, addu'a yake bukata ba kuka ba," wasu ma su ƙara da cewa kukan yana ƙara wa mamaci azaba. Gaskiya ne akwai hadisi a kan azabtar da mamaci saboda kukan iyalansa, amma Nana A'isha da kanta ta yi gyara a kan yadda aka fahimce shi, ta kafa hujja da ayar da ke cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Malamai da yawa kuma sun fassara shi da kururuwa irin ta jahiliyya, musamman idan mamacin ne ya yi wasiyya da ita. Abin da aka hana a fili yake: ihu, marin fuska, yaga tufafi, da furta kalaman jayayya da hukuncin Allah. Hawaye ba ya ciki. Lokacin da ɗansa Ibrahim yake gargarar mutuwa, Annabi ya zubar da hawaye har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, sai ya ce masa wannan rahama ce, ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yaƙuba wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusufa, kuma shi ne dai wanda ya ambaci kyakkyawan haƙuri. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, marubuta tarihi sun san ta da shekarar baƙin ciki. Hausawa Kirista ma suna karanta cewa Yesu ya yi kuka a kan mutuwar Li'azaru. A nan gida, Nana Asma'u 'yar Shehu ɗan Fodiyo, wadda ba a shakkar iliminta, ta rubuta marsiyyoyi ga ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, da mijinta Waziri Giɗaɗo, da aminiyarta A'isha, ba ta ɓoye raɗaɗinta ba. To daga ina muka samo cewa mai imani ba ya kuka?

Akwai kuma masu rashin da ba ma lissafawa sosai. Namiji an ce masa ya daure, kwana huɗu ya koma kasuwa, kafin arba'in 'yan'uwa sun fara yi masa maganar auren wata. Ba shi da wanda zai gaya wa cewa ya kasa shiga ɗakin, sai ya riƙa daɗewa a majalisa, ko faɗa ya yi masa yawa, ko ya fara neman ƙwayar barci a kemis. Yaro an ce masa Baba ya yi tafiya, ya yi ta jiran dawowarsa, ranar da ya ji gaskiya a bakin yara a waje sai ya rasa uba ya kuma rasa yarda da manya. Yaro yana iya ɗaukar gaskiya idan an faɗa masa da kalmomi daidai shekarunsa, kuma fitsarin kwance ko faɗuwa a makaranta bayan rasuwa ba iskanci ba ne da za a sa bulala.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce uwar jariri. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 132 ba sa kai shekara 5, a Arewa maso Yamma kuma adadin ya kai 187. Yawan abin ya sa muka mai da shi ƙarami. Ba a zaman makoki sosai, a ce mata, "Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya ba da rayayye," shi ke nan. Idan ɗan fari ne, kunya ta hana ta ko ambaton sunansa, balle ta yi kuka a gaban surukai. Ga nono ya cika yana ciwo, ga kayan jariri a cikin kwalla. Idan abin ya maimaitu a ce tana wabi, na gaba a sa masa Ajuji ko Ayashe don a nuna wai ba a damu da shi ba. Sunayen nan kansu shaida ne na irin tsoron da ke zuciyar uwar da ta binne biyu ko uku.

Takaba kuwa, wata 4 da kwana 10 kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta tsara, ita ce kaɗai wurin da tsarinmu ya ba baƙin ciki lokaci mai tsawo. Shari'a ta nemi mace ta zauna a gidan mijinta, ta bar ado da turare, kada a ɗaura mata aure, kuma tana iya fita don lalura. Sauran abubuwan da ake ɗora mata a wasu wurare, irin su hana ta wanka sai ranar Juma'a ko riƙe wuƙa a hannu, al'ada ce ba addini ba. Matsalar da ta fi wannan girma ita ce ta ci da sha. Mai takaba tana kukan miji tana kuma lissafin kuɗin haya. Rabonta a gado tumuni ne idan akwai 'ya'ya, kuma idan matan su huɗu ne tumunin nan ɗaya za su raba. Gadon ma sai ya shekara ba a raba ba, dangin miji su riƙe, 'ya'ya a rarraba su gidajen baffanni. A irin wannan hali mudun masara da biyan kuɗin makarantar zango ɗaya sun fi dogon wa'azi kwantar da hankali.

Wani nau'in rashin kuma ba shi da ko kabari. Wata masaniya a Amurka, Pauline Boss, ta daɗe tana nazarin iyalan da nasu ya ɓace ba a san ko yana raye ba, ta nuna cewa rashin tabbas yana daskarar da makoki. A 2019 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta ce tana da sunayen mutum kusan 22,000 da suka ɓace a Nijeriya sakamakon rikicin Arewa maso Gabas, adadi mafi yawa da take da shi a kowace ƙasa a lokacin. Daga cikin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a watan Afrilun 2014 akwai waɗanda iyayensu har yau ba su san makomarsu ba. Ƙara da waɗanda 'yan bindiga suka shiga daji da su, da waɗanda suka nufi Libiya ta Agadas aka daina jin ɗuriyarsu. Matar irin wannan mutum ba ta takaba, ba ta da miji, ba a yi mata gaisuwa, kuma idan ta yi masa addu'ar mamata sai ta ji kamar ta yanke masa ƙauna.

Yadda mutane ke samun sauƙi ba ta hanyar mantawa ba ne. An daɗe a ilimin halayyar ɗan Adam na Turai ana ganin warkewa ita ce a yanke alaƙa da mamaci, sai a 1996 Dennis Klass da abokan aikinsa suka nuna cewa yawancin masu lafiya ci gaba suke yi da alaƙar ta wata siga. Mu wannan ba baƙo ba ne a wurinmu. Muna yi wa mamaci addu'a da sadaka, muna biyan bashinsa, muna ziyartar abokansa, muna mayar da sunansa ga jariri a riƙa kiransa Abba ko Ummi. Shekaru bayan rasuwar Nana Khadija Annabi yana yanka akuya ya aika wa ƙawayenta. Abin da ke hana mu cin moriyar wannan gado shi ne tsoron "tayar da mikin", sai kowa ya daina ambaton sunan a gaban uwa ko matar, ita kuwa ta ga kamar duniya ta shafe shi. Mafi yawan masu rashi suna son a ba su labarin wani alheri da mamacin ya yi wanda ba su sani ba. Suna kuma bukatar a leƙo su a wata na biyu da na uku, da azumin farko, da Sallar farko da za a yi babu shi.

Duk da haka akwai waɗanda lokaci da zumunci ba sa isar su. Nazarin da ya tattara bincike da dama ya kiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 10 na manyan da suka yi rashi baƙin cikinsu yakan zarce ya zama ciwo, kuma haɗarin ya fi yawa idan mutuwar ta fuju'a ce, ko ta kisa, ko ta ɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan a jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022: begen mamaci mai tsanani da ya wuce aƙalla wata 6, ya zarce abin da al'ada da addinin mutum suka saba, ya kuma hana shi aiki ko kula da kansa da iyalinsa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa nata ma'aunin a shekara guda ga manya. Wannan ba raunin imani ba ne, kuma akwai hanyoyin magance shi ta zama da ƙwararru. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, kuma tun Janairun 2023 Nijeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Amma likitocin wannan fanni 'yan ɗaruruwa ne kawai ga al'umma fiye da miliyan 200, kuma sunan asibitin kaɗai yana korar mutane. Saboda haka limamin unguwa da malamar Islamiyya da ma'aikaciyar ƙaramin asibiti su ne za su fara ganin matar da ta rame, ta daina fita, take yawan zuwa da ciwon kai da ciwon jiki da ba a gano dalilinsu ba. Ya kamata su tambaye ta ko an yi mata rasuwa, da yaushe, da kuma yadda take barci. Idan kuma mai rashi ya fara cewa gara ya bi mamacin, ko ya daina cin abinci da gangan, ko ya koma shaye-shaye, ba a jiran wata 6 ya cika, ranar za a raka shi wurin likita, kuma kada a bar shi ya kwana shi kaɗai.